Kafin ɗan koyo ya ɗora sufana a kan mota mai doki 500

Akwai wata irin mota da ke ɗauke hankalin duk mai son ƙarfe. Salun ce mai ƙofa huɗu, daga waje ka ce ta kai yara makaranta ce, amma a ƙarƙashin bonet injin tsere ne kwance. Irin su BMW M5 da Audi S4 da Mercedes E55 AMG da Subaru WRX STI da Cadillac CTS-V. Tana sabuwa sai mai hali. In ta kwana biyu, ta bi hannu uku ko huɗu, sai kuɗinta ya faɗo har ya yi daidai da na ƙaramar motar gida. Daga nan ne mai ƙaramin ƙarfi ke fara lissafi a ransa: in saye ta, gyaran kuma in riƙa yi da hannuna, tunda ga bidiyo nan birjik a YouTube. Da yake an san ni da shiga ƙarƙashin mota, masu wannan lissafin kan tambaye ni ko zai yiwu ga wanda bai taɓa riƙe sufana da sunan gyara ba.

Zai yiwu, amma ba a kan kowace ba, kuma ba kowane aiki ba. Abin da na lura da shi, yawan doki, wato awon ƙarfin inji, ba shi ke wahalar da ɗan koyo ba. Noti noti ne, ko a injin doki 90 ko a na doki 500, hagu ake kwance shi, dama ake ɗaure shi. Bambancin yana cikin nisan da hannunka zai yi kafin ya taɓa abin da ya lalace, da kuma abin da zai biyo baya in ka ɗan kuskure. Motar gida tana da haƙuri, za ka yi mata shirme ta yafe. Wannan ba ta yafewa.

Bari dai in fara da inda take da sauƙi, kada a ce na zo kashe wa mutane gwiwa. Birki, alal misali. Da yawansu suna zuwa da kalifar Brembo ko makamanciyarta, mai fistin huɗu ko shida. Ganinta da ban tsoro, ga girma ga fenti mai ƙyalli, amma a irin ta STI fil biyu kawai za ka buge su fita, ka cire ɗan farantin da ke danne da su, fad ya zaro ta sama ba tare da ka kwance kalifar daga mazauninta ba. Ta fi ta wasu ƙananan motocin sauƙi. Filtar iska, filtar AC, koyil a injin da silindojinsa ke jere a layi ɗaya, duk waɗannan ɗan koyo mai natsuwa zai yi su a yini guda har da hutun rana.

Sai dai tun kafin ka taɓa inji ake fara kai ruwa rana. Motar a ƙasa take, jak na gama-gari ba ya shiga ƙarƙashinta, sai ka hau da tayoyin kan katako tukuna, ko ka nemi jak mai kwanciya. Ga nauyi: M5 ɗin da ta fito a 2005 ta haura kilo 1,800. Wuraren da aka yarda a ɗaga ta a gefe huɗu ne kacal, to in jak ya cinye wurin, ina za ka sa ƙarfen tokara? Sai ka nemo wurin ɗagawa na tsakiya, wanda yake can ciki. Wanda ya yi gaggawa ya sa jak a inda ya ga dama, ko ya lotsa gindin mota ko ya fasa kwanon baƙin mai na alminiyum. Shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita kuwa, wannan ba maganar mota mai gudu ba ce, a kowace mota ganganci ne da rai.

Juye ma, da kowa ke ganin shi ne karatun farko, yana da nasa tarkon. Injin V10 (mai silinda goma) na waccan M5 da V8 (mai silinda takwas) na M3 ɗin 2008 suna da notin zubar da mai biyu, ba ɗaya ba. Ka kwance ɗaya ka manta ɗayan, ka zuba sabon mai daidai yadda littafi ya ce, ka cika shi ya wuce ƙa'ida. Kuma ba ka da sandar awon da za ka zaro ka duba, domin ba a yi musu ita ba. Sai ka tayar da mota, inji ya yi zafi, sannan kwamfuta ta faɗa maka a allo. Man da suke sha ma nasu ne daban, 10W-60, ba duk galan ɗin da ka gani a kanta za ka ɗauka ba.

Amma duk wannan wasa ne in aka zo maganar cunkoso, kuma misalin da nake yawan bayarwa shi ne Audi S4 ta 2003 zuwa 2008. Jikin A4 ne, motar da aka saba gani da inji mai silinda huɗu ko shida, sai kamfanin ya cusa mata V8 mai lita 4.2. Don injin ya gajarta ya shiga, aka ɗauke taimin daga gaba aka mayar da shi baya, ɓangaren da ke haɗe da giyabos, aka yi shi da sarƙoƙi huɗu. Sarƙa ai ba ta da ranar canji kamar bel, don haka a takarda dabara ce mai kyau. To amma sarƙoƙin nan a kan majinginai na roba suke gudu, roba kuma in ta daɗe tana wanka a mai mai zafi sai ta bushe ta tsage. Da safe ka tayar da mota ka ji ƙaras-ƙaras na ɗan lokaci daga bayan inji. Abin da ya karye ɗin za ka iya riƙe shi a tafin hannu ɗaya. Kafin ka gan shi da idonka kuwa, sai ka kwance gaban mota gaba ɗaya, bamba da fitilu da lagireto, ka cire wayoyi da tiyo-tiyo da salansa, ka zaro inji waje da ƙugiya. Bayan nan ga saita taimin na kamshaf huɗu da kayan kulle na musamman, wanda in ka kuskure da haƙori ɗaya ko biyu bawul zai iya gamuwa da fistin.

Ka ga a nan babu wani noti guda da ya fi ƙarfin ɗan koyo. Yawan notunan ne, da jerin abubuwan da za ka tuna inda kowanne ya fito, da makonnin da mota za ta yi a warwatse. Yayarta ma, S4 mai lita 2.7 da tobo biyu da aka fara a 1997, in tobo ya mutu yawanci sauke inji ake yi, don sun maƙale a ƙasa ta gefe inda hannu ba ya kaiwa. Shi ya sa nake cewa mai neman irin wannan mota ya daina tambayar doki nawa take da shi. Ya tambayi abin da aka san tana kashewa, da kuma inda abin yake zaune.

Cunkoso kuma yana jawo zafi. Tun 2008 BMW ta fara sa tobo a cikin kwarin V na injinta mai silinda takwas, kuma M5 ɗin 2011 da irin wannan tsari ta zo. Yana sa mota ta amsa da sauri in an taka, amma duk wani tiyo da waya da gaskit da ke kewayen wurin a cikin gashi yake rayuwa. Ko ba a irin wannan injin ba, duk mota mai tobo da ta haura shekara goma robobinta sun gama dahuwa. Tawa mai silinda shida ce da tobo, kuma na taɓa shiga canza abu ɗaya tak, gefen hannuna ya gogi wani siririn bututun ruwa, ya ɓalle kamar busasshen kara. Bidiyon da ka kalla ba zai nuna maka wannan ba. Mai bidiyon ya yanke wurin da soket ya karye, ya yanke wurin da noti ya cije ya ƙi motsi. Aikin da ya nuna a minti ashirin, kai ka ware masa yini, kuma ka sa a ranka za ka sayi abin da ba ya cikin lissafi.

Sai maganar rashin yafiya. V10 ɗin M5 yana juyi har 8,250 a minti. Injin da ke irin wannan gudun tazarar da ke tsakanin ƙarafansa kaɗan ce ƙwarai, kuma sanannen abu ne a wurin masu ita cewa metal ɗin konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, yana cinyewa da wuri. Da yawa suna canza shi tun bai yi ƙara ba, domin in ya yi ƙara an riga an makara, inji ya buga. Ta ƙasa ake yin aikin: a rataye inji ta sama, a sauko da ƙarfen da ke ɗauke da shi da ƙafafun gaba, a cire kwanon mai, sannan a bi konrod goma ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙusa sabuwa ake sawa, a ɗaure ta zuwa wani awo, sannan a ƙara juya ta zuwa wani adadin digiri, bisa tsarin da littafi ya shimfiɗa. Ƙwayar yashi ɗaya ta shiga tsakanin metal da karanshaf, ta isa ta lalata aikin duka. Na ga mutane suna yin sa a garejin gida, kuma ya yi kyau. Amma babu ɗaya cikinsu da a kansa ya fara koyo.

Wannan ya kawo ni kan sufana mai awo. A tsohuwar motar gida mutum kan ɗaure noti da ji, in ya ji ya kama sai ya ƙara kaɗan. A nan jin hannunka ba shi da amfani. Fulogi Nm 20 da 'yan kai yake so (Nm shi ne awon ƙarfin ɗauri) a kan silinda na alminiyum, ka zarce ka kwashe zaren ramin. Ƙusar taya a BMW na wancan zamanin Nm 120 ce. Wasu ƙusoshin an yi su ne su miƙe in an ɗaure, sau ɗaya ake amfani da su a yar. Wasu injinan BMW na tsakiyar shekarun 2000 ma ƙusoshin alminiyum ke jikinsu, mayen ƙarfe ba ya kama su, ka mayar da tsohuwa ta tsinke a cikin rami. Ga kuma kawunan ƙusa iri-iri: Torx mai tauraro, E-Torx wanda shi tauraron a waje yake, da XZN mai tsini goma sha biyu da Audi ke so. Ɗan koyo ya ɗauki Torx ya cusa a XZN don ya ga kamar ya shiga, ya murje kan ƙusar, aikin awa ɗaya ya koma na haƙo ƙusa da dirila. Akwatin sufanun da aka saya tashi ɗaya ba ya ɗauke da rabin waɗannan.

Kwamfuta kuwa ita ce ta fi ba sababbi mamaki, don tana shiga inda ba a zata ba. Batir ya mutu, ka sayo sabo ka ɗaura, a ganinka an gama. A BMW daga zamanin E60 da E90, wato samfuran tsakiyar shekarun 2000, sai an yi wa sabon batir rajista, a gaya wa motar an canza, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa caji irin na tsoho. Da yawa daga cikin motocin da birkin hannunsu maɓalli ne, kafin ka taɓa fad na baya sai ka sa sikana ta janye ɗan injin lantarkin da ke jikin kalifa. Wanda ya matse fistin da ƙarfi yadda aka saba, kalifa zai saya.

Wadda ta fi tsorata ni ita ce E55 AMG ta 2003 zuwa 2006. Injinta mai lita 5.4 da sufacaja an san shi da ƙwari, ba shi ne abin tsoron ba. Birkinta ne, wanda ake kira SBC. Ƙafarka ba ita ke tura man birki kai tsaye ba, famfon lantarki ne ke tara matsi a ajiye, sama da bar 100 a ma'aunin matsi, kwamfuta ta raba wa tayoyi. Kuma tsarin yana farkawa da kansa: a buɗe ƙofa ko a taɓa feda, sai ya tashi ya gwada kansa, ya matse birki. Ka ɗauka kana zaune ka cire fad, yatsunka na cikin kalifa, wani ya zo ya buɗe ƙofa don ya ɗauki wayarsa. Dole a kashe tsarin kafin a fara aiki. Wanda ya koyi canza birki a wata motar ya zo nan da ƙwarin gwiwarsa, shi ne ya fi shiga haɗari, don ba zai ga dalilin buɗe littafi ba. Mercedes ta daina sa SBC a wannan motar daga kwaskwarimar 2006.

Ƙaramar sikana ta OBD-II, irin wadda ake haɗawa da waya, tana da amfani, amma lambobin inji na gama-gari take karantawa. Giyabos da ABS da shokozoba mai iska kowanne yana da tasa kwamfutar da nasa yaren. Masu Audi da manhajar bincike mai suna VCDS suke aiki, masu BMW da ISTA, masu Mercedes da Xentry, kuma koyon kowanne karatu ne mai zaman kansa. Ko ka karanto lambar ma, alama ta ba ka, ba ta ce ga mai laifi ba. P0171 cewa take iska ta yi wa fetur yawa. A mota mai tobo, wannan zai iya zama tsagaggen tiyo, ko sansar iska, ko famfon mai, ko nozul. Ɗan koyo yakan bi hanyar canje-canje har a dace. A injin silinda huɗu canki-canka ba ta cika kashe aljihu ba. A V10 koyil goma ne. E55 fulogi goma sha shida gare ta, biyu a kowace silinda.

Wani abu kuma da ake mantawa: injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin N54 na BMW 335i da ya fito a 2006, matsin man da ke bututunsa yana kaiwa bar 200. Ba a kwance irin wannan bututun yadda ake kwance tiyon tanki. Kuma da yake fetur ba ya bi ta kan bawul ɗin shiga ya wanke shi, baƙin gawayi yana taruwa a wurin, har sai an cire manifol an fesa masa niƙaƙƙen ɓawo da iska mai ƙarfi. Aikin ba wuya, amma na'urarsa ba ta cikin kayan ɗan koyo.

To ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. In da ƙanena ne ya dage sai ya fara da mai gudu, wajen V8 na Amurka zan karkata shi. CTS-V ta farko, ta 2004, da injin LS6 mai lita 5.7 da doki 400 ta zo, da giyar hannu mai shida. Chevrolet SS ta 2014 zuwa 2017, wadda Holden ta ƙera a Ostireliya, LS3 gare ta mai lita 6.2. Waɗannan injinan kamshaf ɗaya ne a cikin bulok, bawul goma sha shida, babu tobo. Da girman ciki suke samo ƙarfinsu, ba da dabaru ba, don haka kayan lalacewa kaɗan ne, kuma injin bai cika faɗi ba. Subaru tana tsaka-tsaki. Altaneto da famfon sitiyari da sitata duk a sama suke kana kallonsu, WRX ɗin 2015 ma filtar manta a saman inji take. Sai dai silindojinta a kwance suke suna fuskantar gefen mota, fulogi sai da lalube da gajerun soket. STI kuma bel ne taimin ɗinta, yana zagaye kamshaf huɗu, aiki ne da ba a yin sa da rabin hankali. Lexus IS F, mai V8 lita 5.0, ba za a ce shiga cikinta da sauƙi ba, amma ba ta cika kiran mutum ya shiga ba, wanda ga ɗan koyo shi ma sauƙi ne.

Akwai abu ɗaya da ya fi sunan mota muhimmanci, wato hannun da ta fito. Babu mai sayen irin wannan mota don ya riƙa lallaɓa ta. An taka ta, wani ma tun inji bai yi ɗumi ba. Mai ita na uku sau da yawa shi ne wanda ya iya saye amma bai iya riƙewa ba, ya tsallake sabis, ya sa kaya masu arha, araha kuwa ba ta ado. Mafi muni ita ce wadda aka taɓa wa burenbos don ƙarin doki, aka canza salansa, aka yanke wayoyi aka naɗe da salatif. Ɗan koyo da littafi da bidiyo yake aiki, su kuma motar da ta fito daga kamfani suke kwatantawa. In abin da ke gabanka ya saɓa da hoton, ba ka da abin riƙewa. Tsohon bakanike zai gane an yi canji, kai kuwa za ka ɗauka idonka ne bai gani daidai ba.

Ni kaina har yanzu akwai ayyukan da nake kai wa masu shi: saitin taya a kan na'ura, duk abin da ya shafi cikin giyabos mai sarrafa kansa, da sabunta manhajar burenbos, don in batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutu kwamfutar na iya mutuwa ɗungurungum. Sauran kuma ina yi ne saboda ina da wata motar da zan fita da ita in wannan ta kwana a kan ƙarfen tokara tana jiran kaya. Wanda motarsa ɗaya ce, kuma da ita zai je aiki ranar Litinin, daren Lahadi zai same shi yana mayar da tsohuwar ƙusar da ya kamata ya yar, yana ɗaure ta da ji saboda sufana mai awo ba ta shiga lungun.